Alamar Bayan Safar Hannu

Tunda ka ce hankalinka bai kwanta da abokin aikinka ba, zauna in ba ka misali. A wata ƙasa ta ƙetare akwai wasan da ake kira besbol: wani ya wurgo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga, yana taka matsaya huɗu har ya zagayo gida. To, an yi wani saurayi da babbar ƙungiya ta ɗauko daga ƙaramar ƙungiyar garinsu a kan gwaji, aka ba shi tsaron gurbin da ke tsakanin matsaya ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ta fi ratsowa. In ya yi abin kirki ya zauna, in ya gaza ya koma inda ya fito. Mai gurbin na da, wanda aka sallama, aminin wani tsohon ɗan wasa ne, kuma tsohon nan shi ke tsaye a gefen saurayin kullum. Tun ranar da saurayin ya ji haka ya sha jinin jikinsa. In tsohon ya yi masa murmushi sai saurayin ya ce a ransa da walakin, goro a miya. In ya ɗaure fuska ya ce ai ga ta nan ta fito fili. Har ruwan da ya miƙo masa sai ya ajiye bai sha ba.

Matsaya ta biyu kuwa su biyun ke tsaronta: in abokin karawa ya rugo zai taka ta, ɗayansu ke zuwa ya tare ta, kuma suna da al'ada. Kafin kowane wurgi, tsohon kan kare fuska da safar hannunsa don kada abokan karawa su gani, ya dubi saurayin: in ya buɗe baki, "kai za ka tare" ke nan, in ya rufe, "ni zan tare, tsaya a gurbinka." Ranar wasan da za a yanke hukuncin gwajinsa, ana kankankan, tsohon ya ɗaga safa ya rufe baki ruf. Gogan naka ya ce a ransa, yau ce ranar da zai haƙa mini rami: ya ce zai je, ya ƙi zuwa, a ga matsaya ba kowa a ce baƙo ne bai san aiki ba. Ana wurgo ƙwallo ya bar gurbinsa ya sheƙa matsaya ta biyu. Yana isa ya tarar da tsohon ya riga shi, har suka yi karo. Ƙwallo kuwa da aka maka mata kulki ta bi ta daidai inda saurayin ya bari, tana gangarawa a hankali, irin wadda ko da ido rufe zai cafke. Aka cinye su. Tsohon ya karkaɗe wandonsa ya ce, "Yaro, ai na rufe baki." Kafin mako ya zagayo an mayar da saurayin garinsu, kuma abin ya ba ni tausayi, don hannunsa na da kyau.

Ni ban ce maka tsohon yana ƙaunarsa ba; wataƙila ma har zuciyarsa ya so yaron ya tafi. Amma shi ma a filin nan yake cin tuwonsa, ba zai ɓata alama ya ɓata kansa ba. Ramin da saurayin ke tsoro, da ƙafarsa ya haƙa shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.