Katangar Pak Bahrun

Tun da matarsa ta rasu, Pak Bahrun ya rasa abokin hira a gidansa da ke garin Payakumbuh. 'Yarsa Lasmi tana aiki a Jakarta, sai dai waya jefi-jefi. Tsohon malamin adabi ne, don haka da kaɗaici ya ishe shi sai ya sayo fenti, ya shiga zana labarin wani tsohon littafi da ya daɗe yana koyarwa a jikin katangar gidansa.

Labarin wani saurayi ne da ya bar ƙauyensu. A bakin ƙofa ya zana shi yana shiga jirgin ruwa. Zanen ya yi ta hawa sama har inda ya yi arziki a birni, sannan ya gangaro inda komai ya watse masa. Da katangar titi ta cika, sai Pak Bahrun ya zagaya da sauran labarin ta lungun bayan gida.

Zanen ya yi suna. Samari da 'yan mata suka riƙa tsayawa da baburansu suna ɗaukar hoto. Kullum da safe yakan fito da kujeru biyu da butar shayi, ko wani zai zauna.

Wata rana ya nuna saurayin da ke jikin zanen, ya ce wa wani mai ɗaukar hoto, "Ɗana, ka san abin da ya jefa shi cikin wannan halin?"

"A'a Baba. Ɗan matsa kaɗan mana, kana tare mana hoto."

Ya matsa. Da yamma Lasmi ta kira tana dariya. "Baba, na ga katangarka a waya! Ka zama tauraro fa."

"To ki zo ki gani da idonki."

"Zan zo, Baba. Bari aiki ya lafa."

Wata ranar da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, ya hau tsani a lungun don ya ci gaba da zanen. Tsanin ya zame, ya faɗo ya karye a ƙugu. Daga inda yake kwance cikin taɓo yana jin dariyar masu ɗaukar hoto. Ya yi ta kira, muryarsa ba ta kai titi ba.

Mak Inun, mai soya ayaba a tsallaken titi, ta lura washegari bai fito da kujerunsa ba. Ta ce a ranta ƙila wurin 'yarsa ya tafi, ta ci gaba da sallamar masu saye. Kwanaki suka shuɗe kafin ta bi kazarta cikin lungun, ta tarar da shi tururuwa na bin jikinsa, yana numfashi da ƙyar. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Lasmi ba ta iso ba sai bayan an rufe shi.

Jama'a, tsohon da ke zaune shi kaɗai a unguwarku ku riƙa leƙa shi, ku zauna ku saurare shi. Ranar da ba ku gan shi ba, ku ƙwanƙwasa ƙofarsa, kada ku ce ƙila ya yi tafiya.