Katin Ɗan Fari

A wani ƙaramin asibitin ƙauye an yi wata mata mai ajiye katunan marasa lafiya. Shekara ashirin da bakwai tana wannan aiki, har mutanen gari suka bar sunanta, sai dai Uwar Kati. Kabad biyu na ƙarfe ne a bayanta, makullansu ƙulle a bakin zaninta. Mai hawan jini, da wadda ta yi ɓari sau uku, da wanda maciji ya sara a gonar dawa, duk suna cikin kabad ɗin nan, kuma ba a taɓa jin zancen ko ɗaya a bakin rijiya ba. Wannan kam ko maƙiyinta ya shaide ta.

Sai aka kawo kwamfuta. Aka ce za a haɗa asibitinsu da na birni, ta yadda duk inda ciwo ya kayar da mutum, likita zai buɗe ya ga tarihinsa, ma'aikatar lafiya kuma ta riƙa samun rahoton yawan masu zazzaɓi da masu haihuwa duk wata, ba tare da sunan kowa ba. Da yake yatsunta ba su san na'ura ba, ungozomar asibitin da aka koya wa kwamfutar kuwa ba ta iya karanta rubutun tsofaffin likitoci, sai suka raba aiki: ita ta ɗauko kati ta karanta a bayyane, suna da unguwa da ciwo, ungozoma ta buga. Wata biyu suna yi, har ranar da ta sa hannu ta zaro katin ɗanta na fari. Tun da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. In ta kama dole, sai ta ce "wancan na gidan". Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka kakarta. Ga mata cike da benci suna jiran awo, kunnuwansu a buɗe. A saman katin kuwa akwai jan rubutu da wani likita ya yi tun yaron yana ɗan shekara bakwai, cewa allurar penisilin ta kusa kashe shi, kada a ƙara yi masa. Ta dubi jan rubutun, ta dubi benci, ta mai da katin can ƙasan kabad. A ranta ta ce, ai ina raye, abin yana kaina. Ta ɗauko na gaba.

Abin da ke kan uwa kuwa ba ya bin ɗa hanya. Da kaka ta yi, ɗan nan nata, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya ɗauki albasa zuwa kasuwar birni. Taya ta fashe, mota ta kife. Aka kai shi babban asibiti da tsakar rana bai san inda kansa yake ba, ƙafa a karye, ƙashi a waje. Likita ya sami katin shaida a aljihunsa, ya buga sunan a kwamfuta. Ga matarsa ta fito, ga 'ya'yansa huɗu har da rigakafinsu, shi babu shi. Likita bai yi laifi ba. Rauni ya gani, ya ba da penisilin, allurar da ake bai wa mai rauni don kada ya ruɓe. Kafin a cire sirinji fuska ta kumbura, maƙogwaro ya shaƙe. Da ƙyar da jiɓin goshi aka ƙwato numfashinsa.

Da Uwar Kati ta iso, ta tsaya a ƙofar ɗaki, don ko a nan kunya ba ta bar ta ta matsa kusa da gado ba. Likitan bai san ko wace ce ba, ya ce, "Baba, da akwai wanda ya rubuta mana layi ɗaya tak, da bai sha wannan ba." Ta juya ta koma ƙauye.

Washegari ta riga kowa zuwa aiki, amma ba ta yi a ɓoye ba. Ta jira benci ya cika, ta buɗe kabad, ta zaro katin, ta ce wa ungozoma, "Buga." Ta kira sunan nan, da na ubansa, da jan rubutun. Ba wadda ta yi dariya. Wata tsohuwa ma ta sunkuyar da kai, don ita ma tana da ɗan fari.

Kunya ado ce, ba mai musu, amma ba a kai ta gaban mai magani. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.