Mai Motar Na Asali

Sai da Mele ya tokare ƙofar direba da gwiwa sannan ta buɗe. Bai ma san ya yi ba. Wilson, mai sayar da motar, ya yi dariya, ya ce shi wata uku ya yi kafin ya gano wannan dabarar.

Tsohuwar Golf ce, ja, fentin ma na bakin titi. Mele bai tsaya dogon ciniki ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya baro Bama da ƙafa, shi da matarsa Kellumi, bayan ɗansu Tahir, direba mai i'ina da taurin kai, ya koma da motarsa ɗauko maƙwabta ranar da aka kai wa garin hari, bai dawo ba. Sun yi masa sadakar arba'in a wani ɗakin haya a unguwar Dubeli, suka ci gaba da rayuwa irin wadda ta samu.

Yanzu wata makaranta a Nassarawo ta yi wa Mele alkawarin jigilar ɗalibai, da sharaɗin ya zo ranar Litinin da mota mai takardu da sunansa. Kellumi ta sayar da injin markaɗenta da 'yan kunnen da ta gudo da su ƙulle a bakin zane. Babu abin da ya rage a ɗakin da wani zai taya.

Ranar Laraba ya kai motar ofishin lasisi. Munirat, ma'aikaciyar da ke bakin taga, ta yi masa bayani: wanda ya sayi mota a hannun wani shi zai biya harajin canjin suna da lasisin shekara, amma sai an duba lambar shasi, wadda ke buge a jikin ƙarfen motar. Aka kankare jan fenti, fari ya bayyana a ƙarƙashinsa, aka kwafo lamba. Ta danna kwamfuta, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, motan nan yana da matsala. Lamban bai dace da takardan ba. Mai shi na asali ya kai rahoton ɓata. Sai ya zo da kansa, in ba haka ba motan ba zai fita a nan ba."

"Wane ne shi, 'yata?"

"Ba ni da izinin faɗa. Sai oga ya dawo Juma'a."

Aka karɓe makulli. Mele ya hau Keke Napep har Namtari, inda ya tarar da Wilson ƙarƙashin sabon rufin kwano. Wilson ya rantse har da hawaye cewa a hannun wani makanike ya saya a Mubi, makaniken kuwa ya rasu. Kuɗin? Ya nuna masa rufin.

A gida ya ce wa Kellumi motar na gareji. Ta dube shi, ta zuba masa abinci.

Ranar Alhamis a bencin ofishin ya wuni, yana kallon jar motar a rana. Ya tsani mai motar nan, tsana mai tsanani. Ya ƙera shi a ransa: wani alhaji mai tumbi da motoci biyar, wanda ya manta ma ya taɓa yin rahoton. Har ya kai ga roƙon Allah Ya kawar da shi daga hanyarsa, sannan ya yi istigfari, ba da zuciya ɗaya ba.

Juma'a ta zo, oga bai zo ba. Sai Litinin, in ji masinja. Mele ya dafa tagar da hannu biyu, ya cire hula, dattijo mai furfura, ya fara roƙon yarinyar da ya haifi sa'arta.

"Mayar da hulanka, Baba," in ji Munirat, murya ƙasa-ƙasa. "A 2019 aka kai rahoton, a Gombe, kuma akwai lamban waya. Ba zan ba ka ba, amma zan kira, ka roƙe shi da bakinka."

Ta buga, ta buɗe muryar wayar yadda zai ji, ta ajiye ta a kan taga. Mele ya matso, yana shirya kalmomin da zai faɗa wa alhajin. A ƙara na huɗu aka ɗauka, Munirat ta duba sunan a kwamfuta, ta ce:

"Salamu alaikum. Da mai farin Golf nake magana, Tahir Mele?"

Sai muryar da aka yi wa sadakar arba'in ta amsa: "E-e, n-ni ne."