Daddawa a Farfesun Biyetnam

Ranar sadakar arba'in, matar ɗan tsohuwa ta dire mata kwano, ta durƙusa.

Tsohuwar ta leƙa. Naman sa ne da karas cikin jan romo mai ƙamshin kirfa da ciyawar nan ta shayi, ga burodi a gefe. Abincin Biyetnam ke nan, ƙasar da ɗanta ya tafi fatauci, ya yi aure, aka kuma binne shi. Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko da labarin rasuwar ya iso garin Shagari, ba wanda ya ga hawayenta.

Don kada ta kunyata baƙuwa, ta tsoma burodi ta kai baki. Sai ta dakata.

"Ke ɗiyata, mi kis sa ciki?"

"Daddawa, Inna," in ji surukar da tsintacciyar Hausarta. "Wadda kike aika masa. Mutanenmu ba sa sawa, shi kuwa ba ya ci sai da ita. In na zuba, yakan ce, 'Yau Inna ta zo.'"

Tsohuwar ta rungume kwanon. A gaban matan unguwa kaf, ta kira sunansa.