Taki Ɗaya a Bayan Yavor

Kalin Radev ya sayi tikiti da kuɗinsa kamar kowa, ya hau can saman benci inda rana ta fi duka, ya ja hularsa ta rufe masa rabin fuska. Filin wasa na birnin Plovdiv ya cika maƙil. Saura minti ashirin a yi tseren ƙarshe na mita ɗari a gasar Turai, kuma duk inda ya juya hoton mutum ɗaya yake gani: Yavor Belchev, da baƙin tabarau, yana murmushi a jikin riguna da tutoci.

A bencin gabansa wani tsohon direban bas mai suna Rumen yana ɓarar 'ya'yan kabewa, yana musu da maƙwabciyarsa Ginka.

"Kawu Rumen, tsufa ne ke damunka," in ji Ginka. "Arnau ɗan Sifen sau biyu yana cin Yavor a bara. Yau ma sai ya ci shi."

"Bara daban, bana daban. Tun da nake ban ga mai ƙafar yaron nan ba. Ke da kika fara kallon tsere shekaran jiya, me kika sani?"

Kalin na jin su daga baya. Shekara tara ya yi yana gudu kafaɗa da kafaɗa da Yavor, a Turai da wajen Turai. Duk hoton da aka ɗauka a bakin layin ƙarshe yana ciki, taki ɗaya a baya. Jaridu kan yanke hoton daidai gwiwar hannunsa.

Ya san Yavor fiye da duk masu ihun nan. Ya san yana jin tsoron ƙarar bindigar tashi, ya san yana karkata hagu idan ya wuce mita sittin, ya san ba ya cin abinci sai an gaya masa abin da ke cikin farantin. Ɗaki ɗaya suke kwana a kowace tafiya.

A kakar wasan da ta wuce jijiyar cinyar Kalin ta tsinke. Yana kwance a asibiti koci ya kira shi a waya, ya ce masa ba za a iya jiransa ba. Bayan wata uku sai ga wani sabon mutum, Plamen, dogo mai shekara ashirin da uku, a layin da Kalin ya saba tsayawa. Da 'yan jarida suka tambayi Yavor yadda yake ji, sai ya yi dariya ya ce yanzu babu abin da ke riƙe shi. Kalin ya karanta maganar sau ɗaya, amma kullum da ita yake tashi.

"Ki dubi Plamen ɗin nan," in ji Rumen, yana nuni da haɓa. "Wannan ne daidai da shi. Wancan na da, wa yake da suna ma? Kullum yana haki kamar tsohuwar bas ɗina a kan gada."

Ginka ta yi dariya har ta buge shi a kafaɗa. Kalin ya cije leɓe.

Mutum takwas suka durƙusa a bakin layi. Filin ya yi tsit. Kalin ya ga Plamen ya matso ya raɗa wa Yavor wani abu, Yavor ya gyaɗa kai. A ransa Kalin ya yi fatan Arnau ya ci. In ba haka ba, to Yavor ya ci da kyar, kada ya karya tarihin da ya kafa shekara huɗu da suka wuce, ranar da Kalin ke gefensa.

Bindiga ta tashi. Yavor ya fita tsaf. A mita sittin ya fara karkata hagu, Kalin ya miƙe tsaye bai sani ba, bakinsa a buɗe. Kafin ya yi magana Yavor ya dawo tsakiyar layinsa, ya wuce Arnau kamar a tsaye yake, ya tsallake layin ƙarshe. Plamen na biye da shi, ko haki ba ya yi.

Allo ya nuna sabon tarihi. Filin ya kaure da ihu, Rumen ya watsar da 'ya'yan kabewarsa, Ginka ta rungume shi duk da ita aka kayar. Can ƙasa Yavor ya ƙanƙame Plamen yana shafa fuskarsa da tafin hannu biyu. Kalin ya san ɗumin hannun nan. Ya zauna a hankali, hularsa ta zame ta faɗi.

Rumen ya ɗauko ta zai miƙa masa, sai ya tsaya yana kallon fuskarsa. Kunya ta kama tsohon, ya rasa inda zai sa ido.

"Ɗana, ka yi haƙuri, bakina ne. Kai ne Radev, ko?" Amma bakin bai bar shi ba. "Gaya mini gaskiya, a shekara taran nan, ko sau ɗaya ba ka ji za ka iya wuce shi ba?"

Kalin ya karɓi hularsa. Idonsa na kan Plamen, wanda ke kwance 'yar igiyar da ta haɗa hannunsa da na Yavor, yana karanta masa lambobin da ke kan allo.

"Kullum, Kawu," in ji Kalin. "Amma idan ɗan jagora ya riga makahonsa tsallake layi, su biyun ake kora."