Saksofon a Ƙarƙashin Kujerar Aski

Na fizge jakar saksofon ɗin daga hannun ɗana, na cusa ta ƙarƙashin kujerar aski.

"Ba za ka ƙara fita da ita ba. Ka bar min shago cike da mutane, ka tafi busa iska. Da ita za ka ci abinci?"

"Baba, ai kai ka koya min son jaz."

"Ji na koya maka. Naku na yanzu kiɗa ne? Kamar akuya ta maƙale a ƙofa."

Ya ce faya-fayaina sun tsufa, barci suke sa shi. Raina ya ƙara ɓaci. Na ɗauko waya, na kunna busar da wani direba da nake yi wa aski ya turo min. A wurin wasa ya ɗauka, bai ma san mai busar ba. Kullum da ita nake buɗe shago.

"Buɗe kunnenka. Ka ji yadda yake jan numfashi ba gaggawa? Wannan ubansa ya haifa. Kai ko ƙafarsa ba za ka kamo ba."

Yaron ya sunkuyar da kai har busar ta ƙare. A nan na saba kashewa, yau faɗa ya mantar da ni. Tafi ya lafa, sai mai busar ya yi wani gajeren tari mai shaƙewa.

Na san tarin nan. Saboda shi na sha saɓa yaron nan a kafaɗa zuwa asibiti tun yana rarrafe.