Audugar da Ta Ƙone

"Alhaji, audugar nan ta ƙone ƙurmus," in ji mai gyaran sigarin lantarki a unguwar Hausari. "Ƙauri kawai kake zuƙa. Bari in sa sabuwa."

Alhajin, dillalin shanu ne, ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

Matarsa ce ta raba shi da taba, ta sayo masa wannan sigarin. Ita ke murza masa lagwanin audugar a tafin hannunta, bai matse ba, bai yi sako-sako ba, tana tsokanarsa wai yatsun da suka saba da igiya ina suka san taushi.

"Gyara batirin kawai, ɗan'uwa," ya ce a hankali. "Wannan matata ce ta murza, ana gobe za mu kai ta makwancinta."